Babi na Bakwai: Hunturu da Gizago

Daga ƙarshen Nuwamba iska kan juya. Wadda ta yi ta kawo ruwa daga kudu tun watan Mayu ta janye, ta arewa maso gabas ta taso da ƙurar hamada, mafi yawanta daga ƙwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe Funtuwa da Bakori da Malumfashi da hazo, har rana ta fito fara sol kamar faifai, mutum ya kalle ta ido da ido. Leɓe ya tsage, faso ya buɗe a dunduniya, man kaɗe ya yi daraja. Gaisuwa ma takan sauya. A ce maka, "Ina ɗari?" ka ce, "Lokacinsa ne." Tsofaffi su jeru a jikin katangar da ke kallon gabas suna jiran hantsi, yara su tattaro kara da busasshen ganye su hura wuta a ƙofar gida. A irin wannan safiya, in ka kasa kunne ta bayan gari, akwai wata ƙara da ba a jin ta da damina: ƙwas, ƙwas, ƙwas, a ɗan tsaya, a sake. Gizago ne yake cin itace.

Dalilin da ba a jin ta da damina a fili yake. Masassaƙin ƙauye manomi ne kafin komai. Daga saukar ruwan shuka har a kai dammunan dawa rumbu, hannunsa na kan fartanya, in ma ya taɓa gizago to ƙotar wani ce ta karye ana tsakiyar noma. Sai an gama kaka yake komawa sana'ar gidansu. Haka maƙeri, haka majemi, haka masaƙi. Shekarar Bahaushen karkara kashi biyu ce, rabi na gona, rabi na sana'a, kuma hunturu ne ƙofar rabi na biyu.

A wannan yanki hunturu ya daɗe yana zuwa da kuɗi a aljihu, abin da ba kowace ƙasa ta samu ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, amfanin gona kuwa aka shimfiɗa shi ya kwasa. Kamfanin BCGA, wanda Turawan Ingila suka kafa a 1902 don samar wa masaƙunsu auduga, ya girka injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, aka kuma buɗe gonar iri a Daudawa. Kasuwar auduga da sanyi take ci. Manomi ya kai kaɗarsa sikeli, ya biya haraji, abin da ya rage ya ƙulle a lalita. Daga wannan ragowar ake aurar da 'ya, a yi wa ɗa aure, a yaɓe ɗaki, a sake jinka, a kira makaɗi. Ba banza ba Mamman Shata, haifaffen Musawa, ya yi zamansa a Funtuwa: inda ake biki can kalangu yake kwana.

Wasannin da muke kira na gargajiya kusan duk 'ya'yan wannan lokaci ne. Dambe na mahauta ne tun asali, su bi garuruwa bayan kaka, ga nama ga naushi. Kokawa ta samarin manoma ce, a filin da aka girbe. Kalankuwa ta samari da 'yan mata ce, murnar an ga ƙarshen damina lafiya. Fulani su yi sharo, maharba da 'yan farauta su buɗe daji bayan ciyawa ta bushe. A gidajen Maguzawan ƙasar Malumfashi, inda masani Murray Last ya zauna yana nazari a farkon shekarun 1970, bukukuwan bayan girbi su ne manyan tarukan shekara. Da dare kuma, bayan tuwo, a kewaye wuta, tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku. Almajirai na gefe guda da tasu wutar karan, kowa ya rungume allonsa.

A lura da abin da ke hannun mutane cikin duk wannan hidima. Gangar da ake kaɗa wa 'yan kokawa itace ce. Allon almajiri itace ne. Amaryar da za a kai ɗakinta ba ta tafiya sai da turmi da taɓarya da muciya da akushi da kujera 'yar tsuguno. Luguden da matan unguwa ke yi ranar biki, taɓarya uku ko huɗu a turmi ɗaya suna amsa wa juna, shi ne sanarwar farko cewa gidan nan akwai sha'ani. Wato lokacin da masassaƙi ya samu sarari shi ne daidai lokacin da aka fi neman kayansa. Dajin ma a lokacin yake shiguwa: ciyawa ta kwanta, rafuka sun janye, jaki ko amalanke na iya kaiwa gindin bishiya.

Ilimin sassaƙa rabinsa sanin itace ne. Ƙirya ita ce sarauniyar turmi da taɓarya, ga tauri ga nauyi, gara ba ta yi mata komai, shi ya sa maƙera ma suke son gawayinta, har akan yi 'yar tsama tsakaninsu da masassaƙa a kanta. Danya mai laushi ce, ta akushi. Aduwa ta allo ce, don fuskarta santsi gare ta, tana karɓar tawada tana kuma jure wanki. Alilliba ta ganga ce, ba nauyi, ga amo. Ƙotar fartanya kuwa ba kowane reshe ke yin ta ba, sai mai gwiwa inda za a huda a sa ruwan ƙarfe, masassaƙi kan hango irinsa tun yana kan bishiya ya bar shi ya ƙara shekara. Ɗorawa da kaɗanya ba a taɓa su sai sun mutu don kansu, domin waccan kalwa take bayarwa wannan kuma mai, matan gida ba za su yafe wa wanda ya sare su ba. Tsohuwar tsamiya da kuka ma akan kauce musu, saboda masu gidan da aka ce suna zaune a ciki. Mai ilimin zamani na iya murmushi, amma tsoron nan ya tsare bishiyoyi fiye da yadda malamin daji na zamanin En'e ya tsare su.

Ina yaro akwai wani tsoho a bayan unguwarmu da ke aiki ƙarƙashin wata ɗorawa. Nakan tsaya kallonsa in an aike ni, har na sha faɗa a kan haka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake gaba da iskar da ta ba shi lokacin aikin. Hunturu na busar da itace da gaggawa, bayan gungume ya bushe cikinsa na ɗanye, sai ya tsage. Don haka yana fafe cikin turmi tun itacen da sauran danshi, ya shafe bakinsa da mai, ya kife shi a inuwa ya rufa masa buhu. Ba ya awo da komai sai taƙi da ido. In ya kusa gindi sai saran ya ragu, ya riƙa ƙwanƙwasawa da bayan gizago yana saurare. Sara ɗaya na ganganci ya isa ya mayar da aikin kwana uku itacen girki. Ranar kasuwa kuma a ga wata hikimar. Uwar amarya ta ɗaga taɓarya ta auna nauyinta, ta leƙa cikin turmi, ta taya. Ya ce, "Albarka, Hajiya. Wannan ƙirya ce, sai jikarki ta daka a ciki." Ta ce, "Haka kuke cewa kullum, Baba." A ja, a ja, ya sallama. Gaskiya kuma yake faɗa, don akwai gidajen da turmin kakarsu ke aiki har yau.

To ina ruwan ƙasar tudu irin tamu da jirgin ruwa? Akwai, kuma ta hanyar da yawancinmu ba mu kula da ita ba. Kogin Sakkwato a kusa da Funtuwa yake fara tsattsafowa. Ruwan da ya zuba a gonakin nan shi ke gangarawa arewa maso yamma ya ratsa Gusau, ya cika madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima a kusa da Sakkwato, ya juya kudu ta Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara. A nan mafarinsa yaro na tsallake shi da rani. A can ƙarshensa mutane a kansa suke rayuwa. Masuntan yankinmu na da can ba su buƙaci jirgi ba, babban gora ya ishe su, mutum ya kwanta a kai da cikinsa yana iyo da hannu, kifin da ya kama ya jefa cikin goran. Kamun kifin ma na rani ne, in tafki ya janye Sarkin Ruwa ya ba da izini gari ya faɗa gaba ɗaya. Sai da aka yi madatsu irin na Mairuwa da Gwaigwaye da na Malumfashi ruwa ya fara kwana shekara, kwalekwale ya samu wurin zama a nan.

Idan ka bi ruwan nan zuwa Kabi, gizagon da ka bari yana fafe turmi shi za ka tarar yana fafe jirgi. Aikin ɗaya ne, girma ne ya bambanta. A kayar da maɗaci ko rimi ko kawo mai miƙaƙƙen jiki, a daidaita samansa, a shiga cin cikinsa da gizago, wani wuri a taimaka da wuta, a fiƙe goshi da baya yadda zai tsaga ruwa. Kaurin gefe da kunne ake gane shi, kamar dai yadda tsohon nan ke ƙwanƙwasa gindin turmi. In gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, jirgin zai yi ta karkata har ya mutu. Babban bambancin yana wajen jama'a. Turmi mutum ɗaya ke yin sa, ya ɗora wa jaki. Jirgi kuwa ba mai iya jan sa daga inda aka sassaƙa shi zuwa bakin ruwa sai an yi gayya, da igiya da kiɗa da tuwo. Shi ma aikin rani ne, don a gama kafin ruwa ya dawo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi, a ƙarshen sanyi ake yin sa, sa'ad da ruwan Matan Fada ya ja baya. Jama'a sun fi sanin ranar da dubban masunta ke rugawa ruwa da homa da gora, amma akwai tseren jirage da sauran wasannin Kabanci, inda ake gane aikin wane masassaƙi ne ya fi gudu a ruwa. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. A Yawuri ma Sarkawa da Gungawa na da nasu bikin Rigata a kan Kwara, duk da cewa tafkin Kainji, da aka kammala madatsarsa a 1968, ya haɗiye tsibirai da garuruwan da kakanninsu suka zauna.

Wanda ke ganin jirgi baƙon abu ne a Arewa, ya je Yobe. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune, ya ci karo da wani baƙin itace a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus suka tono shi a 1994. Jirgi ne na gungume ɗaya, tsawonsa ya ɗan haura mita 8, na itacen dangin maɗaci, awon da aka yi masa kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Babu jirgin da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi tsufa, a duniya ma 'yan kaɗan ne suka girme shi. Goshinsa a fiƙe yake tsaf, aikin wanda ya gaji sana'ar ne, ba na mai koyo ba. Kuma da gatarin dutse aka yi shi, tun ba a san ƙarfe ba. Yana ajiye a Damaturu.

Akwai wasu mutane can nesa da labarinsu ya yi kama da namu har abin ya ba ni mamaki. A gaɓar tekun yammacin Kanada da arewa maso yammacin Amurka, ƙabilun asali irin su Haida da Tilingit suna kama kifi su busar da rani, in sanyi ya shiga su koma manyan gidajensu na katako. Lokacin ne na bukukuwa da raye-raye da naɗin suna da ba da tarihin dangi, lokacin ne kuma masassaƙa ke fuskantar gungumen wata doguwar bishiya da ake kira sida. Suna da wata dabara: in an gama fafewa sai a zuba ruwa a ciki, a jefa duwatsun da aka gasa, tururi ya tausasa itacen a buɗa gefunansa ya yi faɗi. Gwamnatin Kanada ta haramta babban bikinsu na rabon kyauta daga 1885 har 1951, jiragen inji suka shigo, sassaƙar manyan jirage ta kusa ɓacewa. Sai a 1986 wani masassaƙin Haida mai suna Bill Reid ya jagoranci sassaƙa jirgi mai tsawon mita 15 don baje kolin duniya na birnin Bankuba, a 1989 kuma ƙabilu da dama suka tuƙa jiragensu zuwa Siyatil, tafiyar da ta zama al'ada ana maimaita ta. Sun iya farfaɗo da abin ne saboda dalili biyu: akwai sauran tsofaffin da suka ga yadda ake yi, akwai kuma sauran manyan bishiyoyi a tsaye.

Mu ba wanda ya kafa wa sana'armu doka. Abin da ke cin ta ya fi doka wuyar sokewa. Mutane kan ɗora laifin a kan roba da silba da injin niƙa, kuma lallai akushi ya sha kashi, yanzu sai gidan mai son tuwo ya daɗe da zafi ko wurin masu sayar da abincin gargajiya. Amma turmi bai mutu ba. Mai fura na neman sa, mai dakan yaji na neman sa, mai sakwara ma haka, allo kuwa kasuwarsa ba ta taɓa faɗuwa ba. Masu saye suna nan. Itacen ne babu.

Tun da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da tallafin Bankin Duniya, takin zamani da masara da garmar shanu da tarakta suka bazu, gona ta ci saura, saura ta ci daji. An samu abinci, ba mai musun wannan, yankin ya zama rumbun masarar da ake lodi daga Dandume da Bakori zuwa ko'ina a ƙasar nan. Sai dai garma ba ta son kututture, kuma gonar da ake nomawa kowace shekara ba ta barin tsiron ƙirya ya girma. Ga masu gawayi, ga injin yankan itace da ke kayar da bishiyar shekara ɗari kafin a sauke tukunyar koko. Madobiya ma, da aka yi ta lodinta daga dazuzzukan Nijeriya zuwa Sin, sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu daga 2017. Yau turmin da za ka gani a kasuwa sau da yawa na mangwaro ne ko wani itace mai taushi da aka shafa wa baƙi, damina biyu ya tsage. A bakin ruwa kuma gungume ɗaya ya zama abin tarihi, jiragen yanzu na falankin katako ne da ƙusa, a toshe tsaga da tsumma da kwalta. Suna ɗaukar kaya fiye da na da, amma suna tsufa da wuri, kuma ba a daina lodinsu in sun tsufa. Jirgin da ya tarwatse a Kwara kusa da Warra ta jihar Kebbi a watan Mayun 2021, ya hallaka mutane masu yawan gaske, tsoho ne da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa.

Shi kansa hunturun an cinye shi. Noman rani ya mayar da fadamun Ɗanja da Kafur wurin aiki ba dare ba rana, tumatir da rake da albasa ba su san hutu ba. Wanda ba shi da fadama ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani Abuja ko Legas, yaron da a da zai zauna gefen ubansa yana riƙe masa gungume yanzu yana kan babur a wani gari. Ban ga laifinsa ba, kuɗin turmi uku ba su kai abin da zai samu a mako ba. Sannan ga abin da ya fi duka ciwo. Dajin da ya rage, ta wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ya zama na 'yan bindiga. Cikin sanyin Disamba ne, daren 11 ga wata a 2020, aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji cikin matakan tsaro da ta ɗauka. Ƙauyen da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe ba ya hura wutar hira a dandali, balle ya tara samari da 'yan matan garuruwa biyar a kalankuwa har asuba.

Duk shekara ana shirya bukukuwan raya al'adu, a kawo 'yan dambe da makaɗa, a jera akushi da turmi a rumfa manyan baƙi su ɗauki hoto. Ba na ƙin wannan. Amma ban taɓa ganin an kawo wa masassaƙi abin da ya fi buƙata ba. Dashen da ake rabawa yawanci darbejiya ce da turare, masu saurin girma, waɗanda ba sa turmi ba sa jirgi. Maɗatan da ke inuwa a tsofaffin titunan Katsina da Zariya da Kano wasu ne suka dasa su tun zamanin Turawa, ba su kuma zauna a inuwarsu ba, mu kuma muna ta ɓare musu ɓawo don maganin ciki har suna bushewa a tsaye.

'Ya'yan maɗaci daga ƙarshen sanyi zuwa bazara suke fashewa, iri ya watsu a ƙasa, fale-fale kamar ɓawon albasa. Ba ya jure ajiya, in ya yi 'yan watanni ya mutu. Mai karatu, in kana da gona a ƙasar nan, ka sa yara su tsinto maka shi a bana, a raine shi a leda, a dasa a kan iyaka da ruwan farko, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Tsiron ƙirya kuma in ka gan shi a kunya lokacin noman farko, ka ɗaga fartanya ka wuce.